Kada Kowa Ya Taɓa Allon

Zuwa ga 'Yar Kawu, uwar allura da zare,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan saƙo ya same ku lafiya. Yaya jikin Kawu? Kumburin ƙafafun nasa ya sauka kuwa? Ki gaishe shi da kyau, ki gaida Innata, ki ce mata ina cin abinci, tunda ni ke dafawa ba wanda zai yi mini ƙwange. Ni lafiya lau, sai sanyin ƙasar nan da har yau ya ƙi sabawa da ni.

Saƙonki na baya ya hana ni sukuni. Ina ta ganin Kawu kwance a kujerar bayan motarsa Tsohuwa, ke kuma kina layin mai tun safe, ana jiransa a wurin wankin ƙoda. Kin ce saura kaɗan ku makara, kuma Babbar Nas ta sake tuna miki dokarsu: wanda ya rasa zuwa sau biyu a jere, a ba na bayansa gurbinsa. Mutumin da ya ɗauke ni tun ina tsumman goyo ya haɗa ni da ke ya raine mu, ba zan zauna a nan in ji ya rasa gurbinsa saboda man fetur ba.

Don haka na sa motata a jirgi, tana hanya. Mai aiki da lantarki ce, na yi shekaru ina hawanta, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Babu mai, babu baƙin mai, babu layi. Igiyarta na cikin but. Ki jona ta a soket kamar yadda kike jona wayarki, shi ke nan.

Sharaɗi ɗaya ne. Komai na cikinta a daidaice yake, da hannuna na saita. Kada ki bar kowa ya taɓa allon nan na gaba. Na san mutanenmu, kowa injiniya ne, har wanda bai iya canza ƙwan fitila ba.

Jibi za mu tashi. Jirginmu na dakon kaya tsoho ne, ba ma samun sabis sai mun tsaya a tasha, saboda haka ki riƙa rubuto mini ta imel, zai jira ni. In kin ji shiru, ina tsakiyar ruwa ina yanka albasa.

Ki riƙa tuƙi a hankali, ba keken ɗinki ba ne.

Ɗan Gwaggonki

*

Zuwa ga Kuku, sarkin tukunya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Jikin Baba da sauƙi, kumburin ya sauka, har takalminsa ya koma shiga. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ita ba ta yarda da girkinka ba, ka aiko da hoto ta ga kumatunka.

Baƙuwarka ta iso! Ranar da na shigo da ita layinmu, kai ka ce amarya aka kawo. Baba ya sauko da kansa daga benen nan namu, yana dafa bango, ya zagaye ta yana shafawa. Duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya ce, "Ɗana ne ya aiko, ba ta shan mai." Ban taɓa ganin ya yi alfahari da wani abu haka ba. Na ji kishi, ba zan ɓoye maka ba. Ni da nake wanke masa kaya ba a yi shelata a titi ba.

Washegari ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa ya ce su ɗauke Tsohuwa. Na ce a bari mu ga kamun ludayin sabuwar tukuna. Ya ce ajiye waccan kamar nuna rashin yarda da kai ne. Haka aka ja ta, tana zubar da baƙin mai har bakin titi.

Jonawar ce ta ɗan ba mu aiki. Ka manta a sama muke. Igiyarka ba ta kai ba, sai da mai gyaran wuta ya ƙara mata wata mai kauri, muka zuro ta tagar kicin, ta bi bayan shagona ta sauka. Mai gidan haya ya tsaya yana kallo hannu a ƙugu, ya ce ya ji irin waɗannan motoci suna kamawa da wuta. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce masa ita ma ta ji irin wayoyin gidansa suna kamawa da wuta. Ya juya ya yi tafiyarsa.

Kwanakin nan da dare ake ba unguwarmu wuta. In jona kafin mu kwanta, da safe in tarar ta ƙaru. Litinin da Alhamis muna zuwa asibiti mu dawo ba fargaba. Ina wuce layin mai ina kallonsu, Allah ya yafe mini, har ɗan murmushi nake yi.

Aibinta biyu. Na farko ba ta da murya. Ka san titin kasuwa, da kunne ake kauce wa mota. Ina bin bayan mutane kamar mage, sai na danna oda su zabura suna zagina. Na biyu, rubutun allon nan duk da yaren ƙasarku ne, harafi ɗaya ban gane ba. Amma tunda ka ce kada a taɓa, ko ƙura da gefen mayafi nake share masa.

Allah ya saka maka da alheri. Na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran ƙari.

'Yar Kawunka

*

Kuku,

Sallama da fatan alheri. Ban ji daga gare ka ba, na san kana ruwa. Gwaggo lafiyarta ƙalau. Baba ma da sauƙi, sai dai ni ce ba ni da kwanciyar hankali, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Masu wuta sun juya mana lokaci. Yanzu da hantsi suke kawowa, su ɗauke kafin la'asar, dare kuwa sai duhu. Na ce ba komai, wuta ai wuta ce. Sai ga shi wayar gidan nan ba ta ɗaukar nauyi, in ji mai gyaran wuta, dole in zaɓa: ko kekunan ɗinkin shago da dutsen guga, ko mota. Na zaɓi mota. Da an kawo wuta sai in kashe komai, in jona ta, in koma keken ɗinki na ƙafa. Kayan mutane sun taru, wata har ta zo ta karɓe yadinta.

Duk da haka motar nan ba ta ƙaruwa. Fitilar bakin igiyar tana kamawa, shuɗiya, alamar ta san an jona ta. Amma in na duba da yamma, inda na bar ta nan take. Kullum muka je asibiti muka dawo sai ta ragu, kamar tulu mai yoyo. Ga cunkoso a kan gada, ga Baba ba ya jure zafi bayan wanki, dole in kunna masa sanyi, ina kunnawa ina kallon ma'aunin yana sauka.

Ban zauna ba. An ce akwai wurin caji a babban kantin nan na bayan filin wasa. Na je, na same shi sabo fil, har da rumfa. Bakinsa bai shiga na motarka ba. Yaren ƙasarku daban, ashe bakin cajinku ma daban. Mai gadi ya ce tunda aka kafa shi bai ga wanda ya yi amfani da shi ba, sai masu ɗaukar hoto. Aka kwatanta mini wani a otal. Can kuma suka ce na baƙinsu ne, da na matsa suka ce gaskiya ya lalace, ana jiran kayan gyara daga waje.

Maƙwabcinmu mai sayar da ruwan sanyi ya taimaka, ya bar ni na jona a janaretansa daga magariba har ya rufe shago. Ko ɗigo ba ta sha ba. Ya ce wataƙila ta raina wutar talaka.

Jiya na kai ta wurin bakaniken Baba. Ya buɗe gaba yana neman inji, ya tarar da akwatin ajiye kaya. Ya daɗe yana kallo, ya rufe a hankali, ya goge hannunsa ya ce, "Hajiya, ni abin da ba ya ƙara ba na gane ciwonsa." Ya ce in batir ne, duk garin nan babu mai shi.

Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ba raina kyautarka nake yi ba, tsoro nake ji. Abin da ya rage a cikinta bai fi zuwa biyu ba. Tasi ta yi wuya, duk suna layin mai. Ka faɗa mini me zan yi.

'Yar Kawunka

*

'Yar Kawu,

Sallama. A tsaye nake rubuta wannan, mun shigo tasha, ana loda kayan abinci ni ke karɓa. Ina lafiya. Ki gaida Kawu da Inna.

Na ga saƙonninki biyu, na farkon ya sa ni dariya, na biyun ya ɓata mini rai. Bakanike? Abu ɗaya tak na roƙe ki! Mutumin da ke gyaran Tsohuwa da guduma shi kika kai wa motar nan? Wa ya san abin da ya taɓa? Motar da na yi shekaru da ita ba ta taɓa ƙin caji ba ko sau ɗaya. Ni kullum in na dawo daga aiki jonawa nake, da safe in same ta a cike. In ta daina, to wani ya yi mata wani abu, ko kuma ƙarin igiyar nan da kuka yi ne.

Sannan maganar kare da biri. Na karanta ta sau uku. Ni ban ce a sayar da Tsohuwa ba. Abin da nake da shi na aiko, yanzu da ƙafa nake zuwa tashar jirgin ƙasa cikin sanyi. Ban faɗa don gori ba, amma ki san akwai zafi.

Ki canza soket, ki jona ta kai tsaye in da hali, ki ba ta lokaci, soket ɗin gida a hankali yake cikawa. Kuma don girman Allah kada wani ya ƙara sa mata hannu. Ba bakanike, ba mai gyaran rediyo, ba kowa.

Muna nan har safiyar Juma'a. Ki rubuto.

Ɗan Gwaggonki

*

Ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Yau ba zan ce muna lafiya ba. Gwaggo ce kaɗai mai lafiya a gidan nan. Baba yana kwance, ƙafafunsa sun koma kamar da, numfashinsa sama-sama. Yau Alhamis, ba a yi masa wanki ba.

Na yi duk abin da ka ce. Mai sayar da ruwan sanyi ya bar ni na ja motar har bakin shagonsa na jona kai tsaye, ba ƙarin igiya. Wuni biyu tana jone, ba ta motsa ba. Da safen nan na dubi ma'aunin, na ce wa Baba mu nemi wata hanya. Ya ce, "Motar ɗana za ta kai ni." Ka san shi in ya kafe. Ni ma na yi lissafin za ta kai, da ba mu tarar da tirela ta faɗi a kan gada ba. Muna cikin cunkoson nan ta fara kuka ƙit-ƙit, wani ɗan kunkuru ya fito a allon, sai ta koma tafiyar kunkurun, sai ta tsaya.

Da Tsohuwa ce, da na tura wani da galan ya samo mana mai ko a bayan fage. Wannan fa? Wa zai sayar mini da lantarki a galan? Mutane suka taru, masu ba da shawara sun fi masu turawa yawa. Baba ba ya iya taka ƙafa ya sauka gadar. Kafin in samu mai ƙaramar motar kaya ya yarda ya ɗauke mu, rana ta take. Muna isa an riga an ɗora wani a kan na'urar. Babbar Nas ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai riƙe hannuna ta ce, "Litinin, ƙanwata. Kada ki bari Litinin ta wuce ki, ba ni da ikon riƙe muku." Motar kuwa sai da aka ɗoro ta a bayan wata aka kawo gida, duk layi na kallo.

Bakanike bai taɓa komai ba, rufe ta ya yi ya ba ni haƙuri. Ka yi mini faɗa a kan abin da ba a yi ba, na kuma yi kuka, in kana son sani. Karin maganar nan da Baba nake, shi ya sayar, ba kai ba. Amma na riƙe maganarka. Ɗazu mai gyaran waya na kusa da shagona ya leƙa ta gilashi ya ce akwai wani ɗan hoton agogo da ke fitowa a allon duk lokacin da aka jona, in bar shi ya shiga ya duba, wayarsa na iya fassara rubutun. Har na ɗauko makulli. Sai na tuna saƙonka, ba mai gyaran rediyo, ba kowa. Na ce masa a'a. In ya lalata abin da ya rage, me zan ce maka?

Gwaggo tana ƙoƙarin ba mu dariya. Ta ce motar nan aljana ce, ba ta cin abinci sai mutane sun yi barci. Wai ta lura, daren Lahadin da ya wuce an yi kuskuren kawo wuta na ɗan lokaci muna kwance, da safe ta ɗan ƙaru. Gaskiya ne kuwa, wannan ɗan ƙarin ne ya yaudare ni yau. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na samu wani mai tasi ya yi mini alkawarin Litinin da sassafe. Ka yi mana addu'a. In ka san wani abu, ka faɗa kafin ku tashi.

'Yar Kawunka

*

'Yar Kawu, 'yar'uwata,

Sallama. Ban san ranar da wannan zai same ki ba. Saƙonki ya shigo wayata ana kwance igiyoyin jirgi, ina tsakiyar raba abincin safe. Kafin in wanke hannu in karanta, ƙasa ta ɓace mana.

Inna ta yi gaskiya. Motar lafiyarta ƙalau. Ni ne.

A ƙasar da nake, wuta ta fi araha daga tsakar dare zuwa asuba. Shekarar da na sayi motar na saita mata agogo, kada ta sha wuta sai a wannan lokacin. Ko yaushe aka jona ta, za ta kunna shuɗiyar fitila ta zauna tana jiran dare. Ni wuta ba ta taɓa ɗauke mini ba, kullum da safe a cike nake samunta, har na manta akwai wani agogo. Kin rubuta mini ƙuru-ƙuru cewa an mayar da ku wutar rana, idona ya tsallake ya tafi kan bakanike.

Ki saurara. Ki jona ta, ki shiga, ki danna hoton agogon nan. Kalmomi biyu za su fito a ƙasa. Ki danna ta hannun dama, ma'anarta "yanzu". Fitilar za ta koma koriya. Shi ke nan, wallahi shi ke nan. Ki kira mai gyaran waya, ki kira duk wanda kika ga dama, ku taɓa allon nan son ranku.

Na hau can saman jirgi ina ɗaga waya sama kamar mahaukaci, ko sandar sabis ɗaya babu. Na ƙona shinkafar rana, na zuba gishiri sau biyu a miya, ba wanda ya yi mini magana, sun ga fuskata.

Lahadi. Na ƙara wannan a ƙasa. Na roƙi kyaftin, ya ba ni wayarsa ta tauraron ɗan'adam. Na kira ki, a kashe, na san wuta ce ba ku samu ba. Na kira Inna, tana ta shiga ba ta ɗaga ba. Ni na hana ta ɗaga baƙuwar lamba saboda 'yan damfara. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa, sai in tarar ni na kulle ta.

Gobe Litinin. Allah ya sa mai tasin nan ya cika alkawari. Ki yafe mini faɗan da na yi miki.

Ɗan Gwaggonki

*

Kuku,

Wa alaikumus salam. Baba yana raye, na fara da wannan don na san shi kake nema. Gwaggo lafiya, ta ce ta ga lambar nan mai tsawo, har ta yi wa mai ita Allah ya isa.

Saƙonka ya shigo ranar Laraba da hantsi, daidai an kawo wuta. Na sauka ko mayafi ban yafa daidai ba. Na danna agogon, na danna ta dama. Wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin motar, fitila ta koma koriya. Na zauna a ciki na kifa kaina a sitiyari, ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba.

Ga abin da ya faru ranar Litinin. Mai tasi bai zo ba, ya kwana a layin mai, aka zo kansa man ya ƙare. Na tare babur mai ƙafa uku. Baba ya leƙo ya ga mai gidan haya zaune a bakin ƙofa, ya ce ba zai wuce motarka ya shiga wannan a gabansa ba, a jira ya tashi. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Ya sauko. Masu ƙafa uku ba a barinsu su hau gada, dole muka sauka a gindinta muka jira bas, bas kuwa duk a cike suke zuwa. Mun isa, amma mun makara.

Wata yarinya muka tarar a kan gadon Baba, ba za ta wuce sa'ar ƙanwarmu ba da muna da ita. Mijinta na zaune a ƙasa riƙe da jariri. Ta daɗe a jerin masu jira. Na fara roƙon Babbar Nas, Baba ya ja hannuna ya ce, "Ki bar ta. Ta fi ni sauran aiki a duniya."

Yanzu mu ne a jerin. In wani bai zo ba, sai a kira mu. An kira mu ranar Talata, da ƙyar muka samu bas, aka yi masa wanki, shi ya sa yake raye. Daga nan ba a sake kira ba.

Baba ya ce kada in faɗa maka. Ya ce in rubuta cewa mota lafiya, gurbi lafiya, kada yaron nan ya faɗa ruwa don tunani. Na ce to. Ga shi na faɗa maka. Na gaji da bin umarni ido rufe, naka da nasa duka. Ba na jin haushinka, ko in ce ina ji, amma bai kai wanda nake ji na kaina ba. Makullin yana hannuna, mutumin yana tsaye, na ce a'a.

Motarka a cike take taf. Kullum tana jone, na koma keken ƙafa gaba ɗaya, don kada a kira mu a same ta da saura. Da la'asar in numfashi ya yi wa Baba nauyi, mu sauko da shi ya zauna a kujerar baya in kunna masa sanyi, ya ce nan ya fi masa ko'ina daɗi. Ya sauke gilashi kaɗan, duk wanda ya wuce ya ce masa, "Ɗana ne ya aiko."

Akwai abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba sai kai. Jiya bayan sallah na ɗaga hannu ina roƙon Allah ya sa a kira mu. Sai na tsaya, don na gane abin da nake roƙo. Ba za a kira mu ba sai motar wani ta mutu a kan gada, ko shi kansa ya mutu. Na san fuskokinsu duka, mun sha zama benci ɗaya. Na daɗe hannuna a sama. Ban sauke ba, Kuku, na ƙarasa addu'ar.

In ka samu sabis kada ka kira ni, ka rubuto. Ina so layin ya zauna a buɗe.

'Yar Kawunka